Launi Biyar, Leda Ɗaya

A Kirkcaldy, tun jirgin ƙasa bai tsaya ba
hanci ke gaya maka ka iso gida:
warin man kittani da garin ɓawon itace,
warin da babana ya shekara talatin da ɗaya
yana shigo da shi a wuyan riga.
Shi abar takawa ya san leda,
ta kicin, ta asibiti, ta gidan marayu.
Ni kuwa yau ga ni zaune a kan guntunta
kamar kaza a kan ƙwai,
don sanyin Fife ya sa mata taurin kai,
sai ta ji ɗumin jiki take yarda da wuƙa.

Takarda goma sha bakwai na yanka.
Na san ba duka za su kai ba.

Na fara da cire abin da zai zauna fari:
kumfar bakin teku, fiffiken tsuntsu biyu,
tagar nan da rana ke duka da hantsi.
Abin da wuƙa ta ɗauke shi ke tsira,
abin da ta bari shi ke shan tawada.
Dama ta koma hagu, gabas ta koma yamma,
dole in tuna garinmu a juye
kamar mai kallonsa daga cikin ruwa.

Ruwan ɗorawa mai haske, shi ne na farko.
Na murza bayan takarda da cokalin katako
har kafaɗa ta yi tsami.
Kwana uku suna rataye a igiyar shanya,
ɗakin duk ya zama safiya.

Sai na koma kan ledar dai, ba wata ba,
na ƙwaƙule sama.
Toka-toka ya hau, sararin ya fito.
Na ƙwaƙule teku, shuɗi ya zauna.
Kowane launi da kuɗinsa yake zuwa,
kuma ledar ce ke biya da naman jikinta.
Takarda huɗu sun goce da kaurin gashi,
tudu ya yi inuwa biyu kamar idon mai maye.
Na ba murhu.

Ranar kore ne Euan, jikan maƙwabciya,
ya turo ƙofa ba sallama.
Hannuna ya zame.
Tsaga ɗaya, tsawon farce,
ta ratsa daidai inda kwalekwalen babana yake.
Na ɗauki ɗan ɓaron a tafin hannu,
murɗaɗɗe, mai laushi, ba ya komawa.
Yaro ya ce, Ishbel, ina jirgin?
Na ce ya fita kamun kifi.
Ya ce yaushe zai dawo?
Na miƙa masa tsintsiya.

Da na buga, wurin ya fito shuɗi tsantsa,
ɗan gurbi mai siffar kwalekwale
da ruwa ya cike.
Na daɗe ina dubansa.
Ban taɓa zana shi daidai haka ba
duk shekarun da yake ɗaure a gaɓa.

Baƙi ne na ƙarshe, kuma kaɗan yake so:
bututun masana'anta da aka rushe tuni,
layin dogo, igiyar da ba ta riƙe da komai.
Yanzu ledar ta zama fili,
algararar bayanta na leƙowa ta rami biyu.
Ko sarkin Ingila ya aiko
ba za a ƙara buga ko ɗaya ba.

Goma sha ɗaya suka kai.
Na sa musu lamba da fensir.
Ɓaron da Euan ya share
yana cikin gwangwanin shayi a kan taga;
in na buɗe da dare
sai in ji babana ya shigo,
yana kakkaɓe takalmi a bakin ƙofa.